Yadda ake biyan kuɗin gwamnatin tarayya ta Remita

Tun 2015, kuɗin da ake biyan ma'aikatun tarayya a Najeriya asusu guda suke shiga, wato TSA, a Babban Bankin Najeriya. Remita kuwa tsarin biyan kuɗi ne ta intanet da ake bi a tura kuɗin cikin wannan asusu.

1. Shiga shafin ma'aikatar ko na Remita, ka zaɓi abin da za ka biya.

2. Cike sunanka, lambar waya da adadin kuɗi. Duba sunan hukumar sau biyu, domin in kuɗi ya faɗa wata ma'aikata, dawo da shi sai an sha wuya.

3. Za a ba ka lambar RRR mai alƙaluma 12, wato lambar da ake gane biyan naka da ita. Rubuta ta a takarda, waya tana iya mutuwa kana kan layi.

4. Biya da kati, ko ka kai lambar banki. Akwai ɗan caji a kai.

5. Karɓi rasit ka adana, shi za a nema a ofis.