Fentin inji daban, na salansa daban: yadda za ka fesa wa babur ɗinka bai ɓare ba

Jama'a wallahi abin nan yana damuna, ka ga mutum ya sayi gwangwanin fenti na gama-gari, irin wanda ake fesa wa ƙofa ko keke, ya je ya fesa wa injin Boxer ɗinsa, ranar farko sai sheƙi kamar yanzu aka ɓare shi daga kwali, kwana 3 kuma ya fara kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai ya ce an cuce shi. Ba a cuce ka ba ɗan uwa, fentin ne ba na wurin ba.

Baburan da muke hawa, su Bajaj da Jincheng da Haojue, iska ce ke sanyaya injinsu, babu lagireto. Kan silinda yakan kai digiri 150 zuwa 200 na Salshiyos, wuyan salansa kuwa, daidai inda ya fito daga inji, yana iya wuce 500. To ka ga fenti ɗaya ba zai riƙe su duka ba. Na jikin inji ka nemi wanda aka rubuta yana jure 260 ko sama, na salansa kuma 650 zuwa sama. Amma ka lura da harafin da ke gaban lambar, nan ne ake rufta mutane. Kayan Amurka irin su VHT da Rust-Oleum da F suke rubutawa, wato ma'aunin Fahrenheit, ba C na Salshiyos ba, 500°F ɗin nan 260°C ne kawai, 1200°F kuma wajen 650°C. In ka ga 500 ka ɗauka ya isa salansa, ka yi asarar kuɗinka. Gwangwanin da babu lamba ko kaɗan, sai hoton wuta da aka zana masa, ni dai ba na ma ɗaga shi.

Aikin gaske kuma wanki ne. Fenti da maiƙo ba sa ga maciji, ɗigon baƙin mai ɗaya ya isa ya hana shi kamawa. In injin yana yoyo ta gaskit a kai wa bakanike ya gyara tukuna, in ba haka ba aikin banza za ka yi. Bari ya huce sarai, ka wanke da omo da burushi, ka shiga tsage-tsagen nan na jikin silinda ɗaya bayan ɗaya don nan laka da giris suke maƙalewa. Ka kankare tsatsa da tsohon fenti da burushin waya, ka bi da sanfefa mai lamba 320 ko 400 har jikin ya daina santsi, sannan ka goge da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, a tsumma mai tsabta. Kada ka ƙarasa da fetur ko kalanzir, suna barin maiƙo. Daga nan kar yatsanka ya ƙara taɓa wurin.

Ka sa salatif da tsohuwar jarida ka rufe fulogi da kafireto da wayoyi da tanki. Lambar inji ma ka rufe ta don Allah, in fenti ya cike ta ranar da aka tare ka a hanya ana duba takardu za ka sha bayani. Salansa kam gara ka kwance shi ka rataye.

Kar ka yi feshi ranar da ƙurar hunturu ta taso, ko lokacin da hadari ya haɗo, ko cikin tsakar rana ƙarfe ya yi zafi. Ka samu inuwa mai iska da safe, ka sa takunkumi, ba taba ba wuta a kusa. Girgiza gwangwanin minti 2 cur, ka riƙe shi nesa kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30, hannunka yana tafiya kar ka tsaya wuri guda. Shafin farko siriri, har kana hango ƙarfen, kar ka damu. Ka jira minti 10, ka ƙara, ka sake jira ka ƙara na 3. Shi ke nan. Masu zuba shi da kauri don ya yi ƙyalli, zai zubo kamar hawaye, kuma a tsage-tsagen silinda kaurin fenti yana rage yadda inji ke fitar da zafi, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri wannan ba wasa ba ne. In gwangwanin ya ce a fara da firama, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa a ƙasa, to a nemi mai jure zafi shi ma.

Saura gasa fentin, wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Irin wannan fentin ko ya bushe a hannu bai nuna ba sai zafi ya gasa shi. Ka bar shi ya kwana, gobe ka mayar da salansa ka tada mashin a silo minti 10, ka kashe ya huce minti 20, ka sake tadawa minti 20, ya sake hucewa, sannan ka hau ka zaga kamar rabin awa. Za ka ga hayaƙi da wari na tashi daga salansa, kar hankalinka ya tashi, haka yake yi. In gwangwaninka ya faɗi wani lokacin daban ka bi nasa. Kuma har sati guda ka kiyaye kar fetur ya ɗiga a kai, kar ka kai shi gidan wanki a sa masa ruwa mai ƙarfi.