Motar da Ba a Cika Hawa Ba da Gwajin Hayaƙi a Pensilbaniya

'Yan'uwa da kuka sauka a Filadelfiya, Harrisburg ko Pittsburgh, ba za ku daɗe da sayen mota ba za ku ji wani yana cewa, "Ai idan ba ka yawan hawa motarka, ba sai an yi mata gwaji ba." Akwai gaskiya a maganar, amma rabinta ce kawai ake faɗa, kuma rabin da aka bari shi ne yake jawo wa mutane tara. Shi ya sa nake so mu warware ta a tsanake.

A jihar Pensilbaniya gwaji iri biyu ne, kowanne da sitikarsa da ake mannawa a gilashin gaba. Na farko gwajin lafiyar mota ne: burki, tayoyi, fitilu, sitiyari, hon, salansa da sauransu. Wannan duk shekara ake yin sa, a duk faɗin jihar. Na biyu shi ne gwajin hayaƙi, wanda ake yi a gundumomi 25 daga cikin 67 da jihar take da su. Filadelfiya da maƙwabtanta huɗu, wato Bucks, Chester, Delaware da Montgomery, duk suna ciki. Haka Allegheny inda Pittsburgh take, da Dauphin inda Harrisburg take, da Lancaster da York da Erie. Abin da ake dubawa shi ne gundumar da aka yi wa motar rajista, ba garin da ka kai ta gareji ba. Saboda haka tuƙa ta zuwa ƙauye don a yi mata gwaji a can ba zai fisshe ka ba.

Sassaucin da ake magana a kai ya shafi na biyun ne kaɗai. Sharuɗɗansa biyu, kuma dole su haɗu: motar ta yi tafiyar da ba ta kai mil 5,000 ba a cikin watanni 12 da suka wuce, sannan ta kasance mallakar mutum ɗaya na aƙalla shekara guda. Mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ne, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo sau huɗu. A baki yana da yawa, amma idan ka raba shi a makonnin shekara, bai kai mil 100 a mako ba. Wanda yake zuwa aiki mai nisan mil 15 kullum ya riga ya wuce. Mai sana'ar Uber ko kai abinci gidaje kuwa, kada ma ya sa rai. Waɗanda abin yake yi wa amfani su ne dattijon da motarsa daga masallacin Juma'a sai kasuwa, ko uwargidan da take kai yara makarantar unguwa, ko gidan da yake da mota ta biyu a ajiye, ko ɗan'uwan da yake tafiya gida ya yi wata huɗu ko biyar.

Sharaɗi na biyu shi ne ya fi shafar baƙo. Idan motar ta hannu ce kuma bana ka saye ta, ko da daga hannun tsohuwar da ba ta fita da ita sai ranar Lahadi ne, ba ka cikin masu samun sassauci. Shekarar farko sai ka yi gwajin cikakke. Kuma wanda ya ƙauro daga wata jiha da motarsa, doka ta ba shi kwana 20 ya yi mata rajistar Pensilbaniya, sannan kwana 10 bayan rajistar ya kai ta gwaji.

Wani abin da ake yawan kuskurewa: sassaucin ba ya zuwa da kansa. Ba zama za ka yi a gida ka ce ai ni an yafe mini ba. Sai ka kai motar garejin da hukumar sufuri ta jihar, PennDOT, ta amince masa ya yi gwajin hayaƙi. Bakanike zai duba adadin mil da ke kan mitar motar, ya gwada shi da wanda aka rubuta a gwajin bara, idan bambancin bai kai 5,000 ba ya manna maka sitikar sassauci. Yana iya cajin kuɗin wannan aikin, domin gwamnati ba ta ƙayyade farashi ba, kowane gareji da nasa. Ka tambayi kuɗin kafin ka miƙa makulli, kuma ka faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa kana ganin motarka ta cancanta, don kada ya yi cikakken gwajin ya rubuta maka kuɗinsa. Takardar gwajin bara kuma, don Allah a adana ta a aljihun mota tare da takardar inshora. Ita ce shedarka.

Kada wani ya ba ka shawarar a taɓa mitar don a rage lissafi. A Amurka wannan laifi ne a dokar tarayya, kuma duk lokacin da aka yi gwaji ana rubuta adadin. Baƙon da yake neman takardun zama bai kamata ya sa kansa a irin wannan ba saboda 'yan daloli.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, domin nan ne mutanenmu suke shan wahala ba tare da sun san dalili ba. Motar da ta daɗe a ajiye, musamman a sanyin hunturu, batirinta yakan mutu. Motocin da aka ƙera daga 1996 zuwa yau suna da kwamfuta a cikinsu mai lura da injin da hayaƙin da yake fitarwa, kuma a yankunan Filadelfiya, Pittsburgh da Harrisburg wannan kwamfutar ake jona wa na'ura a karanta. Idan batir ya mutu ko aka cire shi, abin da ta tara yana gogewa. Ka dawo daga tafiya, ka sa sabon batir, ka wuce gareji kai tsaye, sai a ce maka motar "ba ta shirya ba", alhali lafiyarta ƙalau. Maganinsa shi ne ka hau ta na wasu kwanaki, cikin gari da kan babbar hanya, ka riƙa tayar da ita da safe injin yana sanyi, har kwamfutar ta sake kammala binciken kanta. Haka kuma idan fitilar gargaɗin inji tana kunne, motar ba za ta ci gwajin ba, kuma goge fitilar a bakin gareji ba dabara ba ce, don zai mayar da kai ga matsalar rashin shiri. Wani lokaci abin da ya kunna ta bai wuce murfin tankin fetur da bai rufu da kyau ba. Shi ma ana gwada shi.

Mai shirin doguwar tafiya gida ya kula da inshora. Wasu suna soke ta don rage kashe kuɗi tunda motar a ajiye take. A Pensilbaniya, motar da take da rajista dole ta kasance da inshora. Idan ta yanke, ana iya dakatar da rajistar har wata uku. In har dole ne ka soke, ka mayar wa PennDOT lambar motar tukuna. Kuma ka duba watan da ke kan sitikarka kafin ka tashi, domin motar da sitikarta ta ƙare ba ta halatta a kan titi ba.

Ni ban ga laifin wannan doka ba, kuma ina so mu daina kallon ta a matsayin hanyar tatsar kuɗi kawai. A wannan jihar ce, a garin Donora, hayaƙin masana'antu ya lulluɓe gari a watan Oktoba na 1948 har mutum 20 suka rasu. Gyaran da aka yi wa dokar tsabtace iska ta tarayya a 1990 shi ne ya tsaurara gwajin motoci a yankunan da iskarsu ta gurɓace. Duk wanda yake da yaro mai asma ya san darajar wannan. Motar da ba ta cika fita ba hayaƙinta kaɗan ne, shi ya sa aka sassauta mata.

Idan ka ƙaura zuwa wata jiha, ka fara tambaya daga tushe, don kowacce da dokarta. A Maryland sassaucin mil 5,000 na waɗanda suka kai shekara 70 ne da masu naƙasa. A Jojiya, a gundumomi 13 na kewayen Atlanta, sai mai motar ya kai shekara 65, motar kuma ta kai shekara 10. A New York, inda da yawa daga cikinmu suka fara sauka, ƙarancin tafiya ba ya ɗauke wa mota gwajin shekara-shekara.