Darasi na 9: Duba kwamfutarka kafin ka sayi manhajar kasuwanci

Mai shago da yawa yakan gaji da rubuta ciniki da bashi a littafi, ya ce zai koma kwamfuta. Sai ya biya kuɗin manhajar lissafi, a zo sakawa ta ƙi hawa. Wani lokaci ta hau, amma sai nauyi: kwastoma na tsaye yana jiran rasidi, kwamfuta na ta juyi. Abin takaici shi ne, duba na minti biyar ya isa ya hana wannan asara.

Kowace manhaja tana da sharuɗɗanta, kuma kamfanin da ya yi ta yana rubuta su. Karanta su kafin ka zaro ko sisi.

Fara da RAM, domin nan aka fi samun matsala. RAM kamar teburin shago yake, inda ake baje kayan da ake aiki da su yanzu, ma'adanar kwamfuta kuwa sito ce. Sito zai iya zama fal da fili, amma in teburin ƙarami ne, aiki ba zai yi sauri ba. Ana auna su biyun da GB. Microsoft Office 2021, wadda Excel ke cikinta, tana neman RAM 4 GB da fili 4 GB. QuickBooks Desktop na 2022 kuwa, manhajar lissafin kasuwanci, yana neman RAM 8 GB, kuma ba ya hawa sai a Windows mai 64-bit (Windows yana zuwa a tsari biyu, 64-bit da 32-bit). To ka lura, lambar da kamfani ya rubuta ita ce mafi ƙaranci. Shi kansa Windows yana cin nasa rabon, ga burauza a buɗe, ga manhajar kariya daga bairos. A shawarata, kada kwamfutar shago ta gaza 8 GB, kuma a samu mai ma'adana irin SSD, ta fi tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba.

Sai nau'in Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana buƙatar RAM 4 GB, fili 64 GB, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wannan ya shafe mu sosai, tunda yawancinmu ta hannu muke saya. In ka je kasuwa, kada kyan jiki ya ruɗe ka. Ka ce mai kaya ya kunna ta a gabanka, ka shiga Settings, ka danna System, sannan About. Nan za ka ga sunan furosesa, yawan RAM, da ko 64-bit ce ko 32-bit. Ka rubuta su a takarda da hannunka.

Wuta ma sharaɗi ce, ko da kamfani bai rubuta ba. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar shigar da ciniki, fayil zai iya lalacewa. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, laftof kuma batiri mai rai. Wasu manhajojin ba sa aiki sai da intanet, wasu sau ɗaya kawai suke nemansa, lokacin rajistar lasisi. Tambayi mai sayarwa wace iri ce tasa, kuma ko firintar rasidinka za ta yi aiki da ita. Manhajar sata da ake sakawa da araha, ka guje ta. Lissafin dukiyarka ne za ka zuba a ciki, kuma in ta lalace babu wanda za ka kama.

Aikin aji: Kowa ya kunna kwamfutar da ke gabansa, ya rubuta RAM ɗinta, nau'in Windows, da filin da ya rage a ma'adana. Sannan ya gaya wa malami ko QuickBooks Desktop na 2022 zai hau kanta, da dalilinsa.