Darasi na Tara: Cin Abincin Saye Idan Ka Shiga Jidda

Mu mazauna Makka da wuya shekara ta zagayo ba mu shiga Jidda ba. Wani sabunta fasfo zai kai shi ƙaramin ofishin jakadanci, wata jinya za ta raka asibiti, wani kuma tarbar baƙo zai je filin jirgi. Tafiyar ba nisa, kimanin kilomita 80 ce, ga mota, ga jirgin ƙasa na Haramaini da ya fara aiki a 2018. Amma da azahar ta yi, ba murhu ba tukunya, dole ka ci na saye. A nan ne da yawanmu ke kashe kuɗin mota a kan kwano ɗaya, wasu kuma su wuni da yunwa saboda kunyar tambaya. Wannan darasi zai koya maka duba allon abinci, ka san kuɗinsa tun kafin ka zauna.

Fara da allo

Kowane gidan abinci yana da allo a saman kanta, ko takarda mai hotuna a kan tebur. Ko ba ka iya karanta sunan abincin ba, ka iya karanta kuɗinsa. Wasu suna rubutawa da lambobin boko da muka koya a darussan baya, wasu kuma da na Larabci. Ga su nan, ka kwafe su a littafinka sau uku:

١ ɗaya, ٢ biyu, ٣ uku, ٤ huɗu, ٥ biyar, ٦ shida, ٧ bakwai, ٨ takwas, ٩ tara, ٠ sifiri.

Tsaya a kan biyar. Zagaye ne, kamar sifirin boko, kuma shi ya fi ruɗa sabon ɗalibi. Sifirin Larabci ɗan ɗigo ne kawai, mai raunin ido yakan tsallake shi. Idan ka ga ٥٠, hamsin ne, ba biyar ba. Shida kuma ta ɗauko kamannin bakwai ɗin boko, sai an lura. Bakwai bakinta sama yake kallo, takwas a kife take kamar ƙwaryar da aka wanke. Biyu da uku, ƙirga haƙoran da ke samansu: na uku sun fi yawa.

Wani abu kuma: rubutun Larabci daga dama ake fara shi, amma lamba daga hagu ake karanta ta, daidai da boko. Saboda haka ١٥ goma sha biyar ne, ba hamsin da ɗaya ba.

Lamba biyu a gefen abinci ɗaya

Wata ɗalibata, dattijuwa mai hawan jini, ta ba ni labarin ranar da ta kai jikanta asibiti a Jidda. Ta shiga gidan abinci, ta ga hoton shinkafa da 650 a gefensa, ta ja hannun yaron suka fita. Biskit suka ci har magariba. Labarin ya daɗe yana damuna, domin waccan lamba ba kuɗi ba ce.

Tun 2019 hukuma ta wajabta wa gidajen abinci su rubuta yawan kuzarin da kowane abinci ke ba jiki, abin da likitoci ke kira kalori. Shi ya sa za ka ga lamba biyu. Babbar, mai ɗaruruwa, yawanci ta kalori ce. Ta kuɗi kuwa tana tare da kalmar ريال, ko ر.س, ko SR, ko sabon tambarin riyal da aka fito da shi a 2025. Kalmomin ma sun yi kama: سعر farashi, سعرة kalori. Harafi ɗaya ne a ƙarshe ya raba su. Mai ciwon suga da mai ƙiba, lambar kalorin ma tana da amfani gare ku, ku riƙa dubawa.

Karatu: Maigida da Hajiya a Bab Makka

Karanta wannan a bayyane, kai da na kusa da kai.

Maigida da matarsa sun gama abin da ya kawo su, suka tsaya ƙofar wani gidan shinkafa.

"Maigida, mu shiga mana, ƙafata ta gaji."

"Dakata Hajiya, in duba allo tukuna. Rabin kaza da shinkafa, biyu da uku, ashirin da uku ke nan."

"To, a ba mu biyu."

"Ɗaya ta ishe mu. Shinkafarsu yawa gare ta, dubi farantin mutanen can. Idan ba mu ƙoshi ba sai mu ƙara."

Mai kanta ya ce, "Mahalli walla safari?"

"Me ya ce, Maigida?"

"Wai a nan za mu ci ko tafiya za mu yi da shi. Mahalli. Nus habba, bidun shatta."

"Yauwa, gara da ka ce kar a sa barkono. Ka tambaye shi ina wurin mata."

Suka bi kibiyar da aka rubuta عائلات, suka wanke hannu, aka shimfiɗa musu leda.

Kalmomin da za ka yi amfani da su a kanta ba su da yawa, kuma sun isa. Bikam, nawa ne. Habba, kaza guda. Nus habba rabi, rubu'u habba kwata. Safari, a ƙunsa maka ka tafi da shi. Fatura, rasit. Yawancin masu aikin kanta baƙi ne irinmu, daga Indiya, Bangaladash, Yaman ko Afganistan, Larabcinsu na kasuwa ne kamar namu. Idan magana ta ƙi, nuna hoto da yatsa, ka ɗaga yatsu don yawan da kake so. Ba abin kunya a ciki, matambayi ba ya ɓata.

Game da wurin zama, عائلات na iyali ne, أفراد na maza zalla. Tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta raba ƙofofin, amma ƙananan gidaje da yawa ba su canza ba, wasu ma ba su da ɓangaren mata sam. Idan da mace kake tafe, tambaya tun daga ƙofa.

Ina za ka ci, kuma me?

Unguwa ita ke yanke farashi. Kewayen Balad, Bab Makka da Bab Sharif nan ne 'yan kasuwa da leburori ke ci, abincin da sauƙin kuɗi kuma da zafinsa. Bakin teku da titin Tahliya kuwa har da kuɗin kujera da kallo kake biya. Wanda ya zo da kuɗin mota ƙirgagge, shawarata ya tsaya inda ya ga ma'aikata sun yi layi.

Da safe ba abin da ya kai wake dafaffe, wato ful, da burodin tamis mai fitowa daga tanderu. Yana riƙe ciki har la'asar, ga araha. Da rana shinkafa Bukhari da gasasshiyar kaza, ko mandi, ko kabsa. Mai sauri ya sayi shawarma ko mutabbak ya ci a tsaye. Albaik, gidan soyayyar kaza da aka fara a nan Jidda a 1974, kowa ya san shi, sai dai layinsa kan yi tsawo, kada mai jiran jirgi ya shiga. Idan kuma kewar gida ta taso, tsiren da kakanninmu suka kawo Hijaz yana nan, mutanen gari na ce masa sire.

Ka lura da lokaci. Gidaje da yawa sukan dakata idan an kira salla, ranar Juma'a wasu sai bayan an sauko, da azumi kuwa ba a zama a ci da rana.

Tsabta

Jidda gari ne mai zafi da gumi, abinci na saurin lalacewa. Zaɓi wanda ke tururi a gabanka. Guji kifi ko kazar da ta daɗe a buɗe, da salak ɗin da ya yi laushi. Abin da ka ƙunsa, kada ya wuni a mota. Ruwan gora ka tabbata murfinsa a liƙe yake. Idan ka ga ƙazanta ko ruɓaɓɓen abinci, lambar hukumar birni 940 ce. Idan amai da zawo suka kama wani bayan cin abinci, kira 937, layin ma'aikatar lafiya, a ba ka shawara.

Biya da canji

Halala 100 ce riyal ɗaya. Akwai harajin kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, amma doka ta ce a haɗa shi cikin farashin da ke kan allo. Abin da ka karanta shi za ka biya. Karɓi rasit, ka duba lambar ƙarshe ta ƙasa, ita ce jimla. Ƙirga canjinka a gaban kanta kafin ka juya, idan da kati ka biya kuma, dubi lambar da ke fuskar na'ura kafin ka ɗora shi.

Mu ce Maigida ya sayi rabin kaza da shinkafa riyal 23, nono biyu a kan riyal 2 kowanne, ruwa biyu a kan riyal 1 kowanne. 23 da 4 da 2 sun zama 29. Ya miƙa takardar 50, canjinsa 21.

Aikin gida

1. Mayar da waɗannan zuwa lambobin boko: ٢٥ da ٦٠ da ١٨ da ٧٥.
2. A gefen hoton abinci an rubuta ٧٢٠ سعرة da ١٤ ر.س. Nawa za ka biya?
3. Ka sayi ful na riyal 7, tamis biyu a kan riyal 1 kowanne, da shayi na riyal 2. Ka ba da 20. Nawa ne canjinka?
4. Kafin darasi na gaba, tsaya ƙofar gidan abinci ɗaya a unguwarku, ka kwafo farashi uku daga allonsa, ka kawo mu karanta tare.