Yadda hannuna ya dawo kan zane

Kwanaki zane ya ƙi min gaba ɗaya, in ɗauki fensir sai dai in ta kallon takarda. Sai na ajiye waya, don yawan leƙa Instagram ke kashe min gwiwa, na hau napep daga Samaru na shiga birni ta Ƙofar Doka. Na zauna gaban fadar Sarkin Zazzau ina kwafar dagi da zayyanar bango da gawayi, ba gogewa ba gyara, ko ya karkace a bar shi haka. Wallahi magina sun iya, layi ɗaya ya shiga ya fita ba ka gane farkonsa. Yanzu kullum da safe sai na cika shafi kafin in taɓa aikin kwastoma.