Yadda Za Ka Karanci Yarjejeniyoyin Anishinaabe da Tsarin Shugabancinsu

A wani zaman karatun tarihi da muke yi da yamma a nan Gombe, wani ɗalibi ya tambaye ni: "Malam, yaya za a yi takardar da aka sa wa hannu a 1850 ta sa gwamnati biyan dala biliyan 10 a yau?" Labarin mutanen Anishinaabe, waɗanda ke cikin 'yan asalin ƙasar Kanada tun kafin zuwan Turawa, ya ji. Tambayar ta taɓa ni, domin mu da Burmi take kusa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, mun saba ɗaukar duk wata takarda ta zamanin Turawa a matsayin abin da ya mutu tuntuni. Ga hanyar da nake ba duk mai son fahimtar wannan al'amari shawarar ya bi.

Ka fara da taswira kafin ka taɓa kowace takarda. Ka nemo manyan tafkunan da ke tsakanin Kanada da Amurka, musamman Supiriya da Huron da Mishigan, domin gaɓoɓinsu da dazuzzukan da ke kewaye da su ne mazaunin Anishinaabe tun kafin a ja iyakar ƙasashen biyu. Sunan ya tattaro al'ummomi masu dangantakar harshe, kuma uku daga cikinsu suka ƙulla ƙawancen da ake kira Majalisar Wuta Uku: Ojibwe a matsayin yaya, Odawa na tsakiya da suka shahara a fatauci, da Potawatomi ƙani mai tsaron wutar majalisa. Ka lura cewa da kalmomin zumunta suka tsara siyasarsu, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya ginu.

Daga nan sai ka koyi tsarin dangi da suke kira doodem. Yaro yana gadon danginsa daga uba, ba a aure a cikin dangi ɗaya, kuma kowane dangi yana da dabba ko tsuntsu da ake saninsa da shi tare da aikin da ya rataya a wuyansa. A koyarwar da ta fi yaɗuwa, dangin gauraka da na wani tsuntsun ruwa mai nutso da suke kira maang su ke riƙe da jagoranci, dangin kifi su ne masu ilimi da sasanta saɓani, dangin makwa, wato beyar, kuma su ne masu tsaro da sanin magani. A tsofaffin takardun yarjejeniya za ka ga shugabanninsu sun zana hoton dabbar danginsu a wurin sa hannu, abin da ke nuna cewa da yawun jama'arsu suke magana.

A nan ne Bahaushe ya fi saurin yin kuskure, ni ma na yi shi da farko. Idan muka ga kalmar ogimaa an fassara ta da "shugaba", sai mu hango sarki a fada da dogarai da 'yan majalisa, alhali ogimaa ba ya da ikon tilasta wa kowa. Da lallashi da kyauta da iya magana yake jagoranci, ana zama a majalisa har sai baki ya zo ɗaya, kuma in ya ɓata rawarsa mutane sukan juya masa baya kawai. Haka nan kalmar "uba" da suka riƙa kiran wakilan Faransa da na Ingila da ita. A kunnenmu tana ɗauke da biyayya, amma a wurinsu uba shi ne wanda ya wajaba ya ciyar, ya kare, ya yi kyauta. Wanda bai gane wannan ba zai karanta jawabansu ya zaci mubaya'a suka yi, alhali nauyi suke ɗora wa baƙon.

Sai ka shiga yarjejeniyoyin bisa jerin shekaru. A 1763 Sarkin Ingila ya fitar da sanarwar cewa ba wanda zai sayi ƙasar 'yan asali sai masarauta, kuma a bainar taro. A 1764 wakilinsa William Johnson ya tara kimanin mutum 2,000 daga al'ummomi 24 a Niyagara, inda aka ƙulla alkawari da musayar kyaututtuka da ɗamarar wampum, wadda ake saƙawa da 'yan duwatsu farare da masu launin shunayya da aka sassaƙo daga ɓawon halittun teku. Kada ka ɗauki ɗamarar nan a matsayin ado. Ita ce rijistarsu, akwai masu riƙonta da ke karanta zanenta a taro, kamar yadda a wurinmu shaidu da goron ɗaurin aure suke tabbatar da abin da babu takarda a kansa.

Yarjejeniyoyin Robinson (sunan wakilin Turawa da ya ƙulla su) biyu na watan Satumba 1850, ɗaya ta yankin Supiriya ɗaya ta Huron, su ne ya kamata ka fi daɗewa a kansu, kuma matanin Turancinsu gajere ne, yana nan a shafin intanet na gwamnatin Kanada. Haƙar ma'adinai ba tare da izinin Anishinaabe ba ce ta jawo su, bayan shugaba Shingwaukonse da mutanensa sun tsayar da aikin wani kamfanin tagulla a 1849. Ka karanta da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa biyu: 'yancin ci gaba da farauta da su a ƙasar da aka miƙa, da sharaɗin cewa za a ƙara kuɗin shekara idan ƙasar ta samar da arzikin da zai ba gwamnati damar ƙarawa ba tare da asara ba. Sau ɗaya tak aka yi ƙarin, a 1875, zuwa dala 4 ga kowane mutum, aka bar shi a haka kusan shekara 150 ana kwasar katako da ma'adinai. Wannan ne ya kai ga shari'ar Restoule, ƙarar da al'ummomin suka shigar a kan gwamnati. A 2023 Kanada da lardin Ontariyo suka amince su biya al'ummomi 21 na yankin Huron dala biliyan 10, sannan a watan Yuli 2024 Kotun Ƙolin Kanada ta ce masarauta, wato gwamnati, ta saɓa alkawarin ta hanyar da ba ta da mutunci. Ka haɗa da sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982, wanda ya amince da haƙƙoƙin yarjejeniya, da dokar 1876 da ta ɗora musu tsarin shugabanci irin na gwamnati a kan nasu na gargajiya.

Ɓangaren Amurka ba sai ka daɗe ba: yarjejeniyoyin 1837 da 1842 sun bar wa Ojibwe haƙƙin farauta da su da tsintar albarkar daji, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙin na 1837 a shari'ar Mille Lacs a 1999. Don ka ga abin da ake karewa da idonka, nemi bidiyon girbin manoomin, shinkafar da ke tsirowa da kanta a tafki. Mutum biyu ne a kwalekwale, ɗaya na turawa da doguwar sanda, ɗaya na lanƙwaso zangarniya da ƙaramar sanda yana kaɗa ta da wata, ƙwayar da ta nuna ta zubo ciki, wadda ta faɗa ruwa kuma ta zama irin baɗi. Masuncin Dadin Kowa, ko makiyayin da aka nome masa burtali, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane darajar haƙƙin amfani da wuri ko da ba kai ke riƙe da takardarsa ba.

Ka riƙa neman bayanin daga bakinsu. Ƙungiyar Anishinabek Nation mai al'ummomi 39 a Ontariyo, da Babbar Majalisar Yarjejeniya ta 3, wadda ta samo suna daga yarjejeniyar 1873, suna wallafa nasu bayanai, kuma Jami'ar Minesota tana da ƙamus na Ojibwe a intanet mai ɗauke da muryoyin dattawa, inda za ka ji yadda ake furta kalmomin. Idan ka samu damar yin tambaya ga dattijonsu, al'adarsu ita ce a miƙa taba, asemaa, kafin a nemi ilimi, kuma akwai labarai masu tsarki da ba a bayarwa sai da hunturu idan ƙanƙara ta rufe ƙasa. In aka ce maka lokacin bai yi ba, sai ka yi godiya ka jira.