Haɗarin mota da kuɗin inshora: kurakuran da ke sa farashi ya hau

Idan lokacin sabunta inshora ya yi, abu uku kamfani ke dubawa a tarihinka: sau nawa ka nemi diyya, nawa aka biya, kuma wa aka ɗora wa laifi. Yawancin kamfanoni suna komawa baya shekara 3 zuwa 5. Saboda haka yadda aka rubuta haɗari a fayil ɗinka shi zai yi ta bin ka, ko da an daɗe da gyara motar.

Tun a wurin haɗarin ake fara tafka kuskure. Mutum ya fito a ruɗe, jiki na rawa, sai ya ce "laifina ne" don a zauna lafiya. Wannan maganar tana iya zama hujja a kanka, kuma yarjejeniyoyin inshora da yawa sun hana amsa laifi ba da yawun kamfani ba. Fara duba ko wani ya ji rauni. Sannan ka ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya in babu hatsari a barin su, da lambobinsu, da sawun taya da alamun hanya. Karɓi sunan ɗaya direban, da kamfanin inshorarsa, da lambar wayar shaidu, ka nemi rahoton 'yan sanda. Faɗi abin da ya faru kawai, ka bar masu bincike su raba laifi.

Kuskuren da ya fi cin aljihu shi ne neman diyya kan ƙaramar ɓarna ba tare da lissafi ba. A yawancin inshorar da ta haɗa da gyaran motarka akwai kason da kai za ka biya kafin kamfani ya sa hannu. Akwai kuma rangwamen da kake tarawa duk shekarar da ba ka nemi komai ba. A ce gyaran bamba da fitila ya kama 150, kasonka 100. Abin da kamfani zai ba ka 50 ne. In rangwamenka ya ragu, kuɗin shekara ya ƙaru da 30 har shekara 3, ka biya 90 don ka karɓi 50. Kafin ka cike fom, samo kiyasin gyara daga gareji biyu, cire kasonka, sannan ka tambayi kamfani ko dillalinka nawa rangwamen zai ragu. Wannan lissafin na ɓarnar da ta tsaya a kan motarka ne kaɗai. Da zarar akwai rauni ko motar wani, kada ka yi gigin sasantawa a gefen titi, domin ciwon wuya da na baya sukan bayyana bayan kwanaki, kuma wanda ya karɓi kuɗi yau yana iya dawowa gobe.

Wasu kuma sukan yi shiru gaba ɗaya. Sanar da kamfani daban, neman diyya daban. Yarjejeniya takan wajabta sanarwa cikin wa'adin da aka rubuta, ko da kai za ka yi gyaran da kuɗinka. Haka in sabon kamfani ya tambayi tarihinka, faɗi gaskiya. A ƙasashe da yawa kamfanoni suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa, kuma in aka gano ɓoyo ana iya soke inshorar ko a ƙi biya ranar da ka fi buƙata. Ƙarin farashi ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada ka bari a fara gyaran mota kafin jami'in tantance ɓarna ya gan ta ko kamfani ya ba da izini. Ɓarnar da ba a gani ba tana da wuyar biya.

Akwai masu sakin jiki don ba su ne da laifi ba. Kamfaninka yakan biya ka, sannan ya bi kamfanin ɗaya direban ya karɓo kuɗinsa. Kafin a karɓo, fayil yana buɗe, kuma wasu kamfanoni suna riƙe rangwamenka har a rufe shi. Bi sawun maganar, ka nemi takardar da ta nuna an rufe fayil ba tare da laifi a kanka ba. In an riga an ƙara maka kuɗi saboda shi, nemi a sake lissafi a maido maka rarar.

Ranar sabuntawa, kada ka sa hannu a farashin farko. Kowane kamfani da nauyin da yake bai wa haɗari iri ɗaya, don haka nemi farashi daga uku ko huɗu da bayanai iri ɗaya. In ka sayi kariyar rangwame, wato tsarin da ke hana rangwamenka raguwa bayan ka nemi diyya, ka sani rangwamen kawai take karewa, ainihin farashin da ake cire shi daga ciki yana iya hawa. Za ka iya rage kuɗin shekara ta hanyar ƙara kason da kake biya da kanka, amma kada ya wuce abin da za ka iya fitarwa nan take in wani haɗarin ya faru.